Rimot Mai Lamba Uku

Ranar Talata da la'asar maigida ya dawo daga aiki ya tarar babu janareta a rumfarsa. Shatin ƙafafunsa huɗu na nan a kan siminti, da ɗigon baƙin mai, amma injin ko sama ko ƙasa.

Gidan kuwa ba irin wanda ake faɗawa haka kawai ba ne. Shekara biyu ke nan da aka haɗa masa kayan zamani. Fitilu, fankoki, injin tura ruwa tanki, har da babban get, duk daga zaune ake kunna su a kashe su, ko da waya ko da rimot. Katangar doguwa ce, ƙaramar ƙofa kuma ba za ta ci janareta ba. In ya fita, ta get ya fita.

Maigida ya ciro waya ya duba, don duk buɗewar da get ya yi sai ta rubuta. Ta nuna an buɗe da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da biyar na safe, da rimot mai lamba uku. Rimot huɗu ne a gidan. Na ɗaya na maigida, na biyu na uwargida, na huɗu na ƙaninsa da ake kira Auta. Na uku yana rataye a wuyan maigadi, dattijon da ya shekara goma sha tara a ɗakin bakin ƙofa.

Nan take maigida ya karɓe rimot ɗin ya jefa a aljihu. Kafin rana ta faɗi duk layin ya ji. Masu cewa dama idon maigadin bai kwanta musu ba suka fi yawa, har da waɗanda yake tsare wa mota kyauta. Maigadi bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa.

"Ranka ya daɗe, a kira Inna Mai Sawu. In ta ce ni ne, da ƙafata zan bi 'yan sanda."

"Na ba ka zuwa sha biyun rana gobe," in ji maigida. "Ba don na yarda ba, don shekarun da ka yi."

*

Inna Mai Sawu tsofaffin takalma take sayarwa a bakin kasuwa. Bin sawu gado ta yi a wurin mahaifinta, wanda ta riƙa bi tun tana yarinya in an sace dabba. Ta iso da sassafe da ɗan karan dawa a hannu, ta tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gidan.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Kun tattake min komai, saura ku share."

Suka ja da baya suna dariyar jin kunya. Ta leƙa tsakar gidan, ta ga duk an shafe shi da siminti, ta yi tsaki. Ƙasa ce ke magana, siminti kurma ne. Ta dawo waje ta bi gindin katanga, inda ƙafa ba ta cika zuwa ba. A nan ta samu abin da ya rage: layin taya ɗaya, mai nitsewa a rairayi, da sawun silifas a bayansa.

"Baro ne," ta ce. "An shigo da shi ba kaya, an fita da shi da nauyi."

Wani maƙwabci mai gajeren wando ya duƙa ya nuna. "Ai wannan silifas ɗin maigadi ne! Dubi inda aka ɗinke shi da waya. Kowa ya san shi."

"Silifas ɗinsa ne," ta amsa.

Aka ɗauki salati. Ba ta ƙara musu komai ba. Ta ga abin da ba su gani ba, cewa diddigen bai kai ƙarshen takalmin ba, kuma mai shi yana ɗaga ƙafa duka biyu daidai, alhali dattijon jan ta hagu yake yi. Ta bi layin har bakin kwalta. A nan ya mutu, kusa da shatin tayar wata ƙaramar mota. Daga nan baron ya juyo babu nauyi, ya shige wani kango da ake ginawa a bayan layin.

Birkilan kangon yana kwaɓa siminti. Da ya ga jama'a a bayanta sai ya saki shebur.

"Baron nan naka ne?"

"Nawa ne, Inna, amma na gari ne. Mai kwasar shara ya ɗauka, mai tashin gida ya ɗauka. Shekaranjiya da akuya marar lafiya aka dawo min da shi."

"Jiya da hantsi kana ina?"

"Na tafi sayo rodi. Ga mai kai min kaya nan a tambaye shi. Ni da janareta? Ko ƙwan fitila ɗaya ba ni da shi a ɗaki, me zan kunna?"

Ta dubi ƙafarsa. Faffaɗa ce kamar faranti, silifas ɗin maigadi ko yatsunsa ba zai rufe ba. Ta ce ya wanke hannu ya zo gidan kafin sha biyu.

*

Maigadi na zaune a benci a ƙofar ɗakinsa, an ɗaure kayansa a buhu biyu. Hannunsa yana ta zuwa ƙirjinsa yana lalube, sai ya tuna babu komai a wurin ya mayar.

"Malam, ba ni labarin jiya, kada ka tsallake komai."

"Motar maigida ta fita bakwai da rabi, na buɗe na rufe. Na ba fulawa ruwa. Wajen goma na shiga wanka. Da na fito uwargida ta aike ni kantin magani, kanta na ciwo. Na fita ta ƙaramar ƙofa. Layi na tarar, ban dawo ba sai sha biyu ta gota."

"Rimot fa?"

"Yana wuyana. Ban taɓa ba kowa ba. Wanka ne kawai ke raba mu, sai in rataye shi a ƙusar bakin banɗaki."

"Ta ciki ko ta waje?"

"Ta waje. Injiniyan da ya haɗa get ya ce ruwa na kashe shi."

"Silifas ɗin?"

"Na wanka ne, a nan nake barinsa."

"Bayan ka dawo ka danna shi?"

Ya yi tunani. "A'a. Babu motar da ta shiga ko ta fita. Maigida da nasa ya buɗe."

Suna cikin haka aka ji kokawa a ƙaramar ƙofa. Auta ne, saurayi mai kimanin shekara ashirin da biyar, fes da shi, yana ƙoƙarin cusa babur ɗinsa ta ciki. Ya karkata kan, ya ja, madubi ya gogi ƙarfe.

"Samari, ga babbar ƙofa," in ji Inna.

"Batirin rimot ɗina ya mutu, Inna." Ya share gumi ya dubi maigadi da tausayi. "Wallahi abin bai min daɗi ba. A hannunsa na girma. Amma na'ura ba ta ƙarya."

"Kai jiya kana ina?"

"Shagon abokina, tun goma da rabi. Na sha gaya wa Yaya, tunda get na buɗe kansa a sallami Baba ya je ya huta cikin mutunci. Da an ji tawa da ba a kai ga haka ba."

*

Uwargida ta karɓe ta a falo. Ta taɓa waya, fanka ta tashi, labule ya ja kansa. Inna ta ɗan matsa gefe, don ba ta saba da labule mai tafiya ba.

"Ina sama a kwance," in ji uwargida. "Na rufe tagogi. Ban ji komai ba."

"An ce ba kya son injin."

"Wa ke son sa? In ya tashi har cokula rawa suke a kicin. Na ce a sayar a sa na hasken rana, maigidan ya ƙi." Ta tsaya, ta zuba wa Inna ido. "Au, ni ce kuma yanzu? Inna, ki dube ni da baro."

"Ke kika aiki dattijon."

"Ni ce. Auta na fara cewa ya je, ya ce yana sauri, in aiki Baba." Ta gyara zama. "Gaskiya mun sha faɗa da shi a kan fulawa, yana ba su ruwa kamar zai dafa su. Amma sata? Ni dai ban sani ba. In da wanda zan tuhuma, Injiniya ne. Shi ya haɗa komai, ya fi mu sanin gidanmu."

*

Injiniya ya zo wajen sha ɗaya da jakar kayan aiki, ransa a ɓace, don ya ji ana ambaton sunansa a layi. Ya buɗe wani ɗan akwati a jikin ginshiƙin get ya nuna mata.

"Kin ga wannan, Inna? Shi ne kunnen gidan. In aka danna rimot, sai ya yi kira ta iska. Wannan ya ji, ya haɗa wuta, injin ya ja get. Shi ke nan."

"Kai kana iya buɗewa daga shagonka?"

"Da zan iya. Ranar da na gama aiki na sa maigida ya canza lambar sirri a gabana. Kuma ko da waya aka buɗe, waya zai rubuta, ba uku ba."

"To ta yaya ya san uku daga huɗu? Ido gare shi?"

"Murya. Kowane rimot da irin kukansa, daga kamfani. Ni na gabatar masa da su ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan ɗaya, wannan biyu."

"Ya san hannun da ya danna?"

"Ina zai sani? Ko biri ne ya danna buɗewa zai yi."

"Lambar da mutane ke gani a jiki fa, kamfani ne ya sa?"

"Ni na rubuta da farin fenti. Duk kamarsu ɗaya, kada su rikice."

"A ina ka rubuta?"

"A baya mana. A murfin batir."

Inna ta je ta samu maigida, wanda ke ta duba agogo a baranda.

"Sawun ba na dattijon ba ne," ta ce. "Takalminsa ne, ƙafar wani."

"Inna, ina girmama ki, amma rairayi ne. Iska ta taɓa, yara sun taka. Ga abu a rubuce da minti."

"Ba ni rimot ɗin in riƙe."

Ya miƙa mata. Ta juya shi a tafin hannu yadda take juya takalmi in an kawo mata sayarwa. Bayan ya koɗe, baƙinsa ya koma toka-toka, lambar ukun ma ta kusa gogewa, ga gishirin gumi a gefen murfin. Ta kifa shi ta dubi fuskar. Baƙa wuluk, tana sheƙi. Ɗan zanen kibiya da ke kan madannin yana nan sarai kamar jiya aka buga shi. Ta shafa da babban yatsa, ta ji tudunsa.

"Sau nawa dattijon ke buɗe get a rana?"

"Ya fi ashirin. Baƙi, mai ruwa, masu shara."

"Tara min mutanen gidan," ta ce. "Kowa ya zo da nasa."

*

Sha biyu saura kwata suka hallara a baranda: maigida, uwargida, Auta, Injiniya, da birkila yana goge hannu a wando. Maigadi ya tsaya daga ƙasan matakala, bai hau ba. Maƙwabta suka cika ƙaramar ƙofa da kawuna.

Maigida ya ajiye nasa a tebur, uwargida ta ajiye nata. Auta ya laluba aljihu.

"Nawa ai ba batir, Inna. Ba amfani."

"Ba waƙa zai yi mana ba. Ajiye."

Ya ajiye shi a kife, lamba huɗu a sama. Inna ta jera su, ta sa na ukun a ƙarshe.

"Ni takalmi na sani," ta ce. "Akan kawo min wanda aka sa wa sabon sama a kan tsohon ƙasa, a ce bai taɓa taka ƙasa ba. Abu in mutum ɗaya ya yi amfani da shi, gaba ɗaya yake tsufa. Wannan na uku, bayansa ya sha rana da gumi shekara biyu. Ku dubi gabansa."

Ta tura wa maigida. Ya duba, ya ɗaga kai.

"Malam, nuna musu yatsanka."

Maigadi ya ɗaga babban yatsansa, mai kaushi kamar bawon itace.

"Wannan yatsan sau ashirin a rana, ko ƙarfe ne ya lotsa. To ina fuskar da ya cinye?"

Ta sa karanta ta birkice na ɗaya. Da ɗan goguwa kaɗan. Ta birkice na biyu. Sabo, da jan farce a gefe. Uwargida ta saki numfashi. Ta kai karan kan na huɗu.

"Wai me ake nema ne?" in ji Auta. "Yaya, lokaci fa na tafiya."

Ta birkice shi. Fuskar ta koɗe fari-fari. Kibiyar ta ɓace gaba ɗaya, madannin ya lotsa a tsakiya kamar tsohon cokali.

Injiniya ya dafe kai.

"Murfin," ya ce. "Kai! Murfin kowa na shiga na kowa."

"Maigida, ka fi yarda da waya," in ji Inna. "Danna wanda ka karɓa a wuyan dattijon, ka tambaye ta."

Maigida ya danna. Get ya yi ƙara ya fara tafiya, maƙwabta suka watse suka sake taruwa. Ya dubi waya, ya daɗe yana dubawa.

"Huɗu," ya ce.

Injiniya ya buɗe murfin na Auta. Babu batir a ciki ko ɗaya. Ya ciro sabo a jaka ya sa, ya miƙa wa maigida. Maigida bai karɓa ba.

"Ba shi. Auta, danna."

"Yaya, wallahi wataƙila tun ranar da aka..."

"Danna."

Ya danna. Get ya dawo ya rufe. Maigida ya juya wayar ya nuna masa fuskarta: uku.

"Yana wanka ka sauya," in ji Inna, muryarta kamar mai faɗin farashin takalmi. "Ka ɗauki nasa ka bar masa naka, ka mayar da murfi da igiya. Ka sa aka aike shi. Ka sa silifas ɗinsa, ya yi maka yawa. Niyyarka ka mayar kafin a farga, sai yayanka ya jefa shi a aljihu. Tun jiya kake tsoron dannawa, don kada uku ya sake fitowa alhali uku na hannun maigida. Shi ya sa madubinka ya sha ƙarfe."

Birkila ya tafa hannu. "Ashe! Shi ya sa satin jiya ya tambaye ni kwana nawa zan yi in fasa ƙofa ta waje a ɗakin Baba! Har ya ce a bar wurin kantar sayar da kaya."

Auta ya zauna a kan matakala. Ya fara kame-kame, daga baya ya daina.

"Janareta na nan a shagon abokina, ko ƙwarzane babu. Ba sayarwa zan yi ba. Shekara biyu ina roƙonka ɗakin nan in buɗe shago, kana cewa Baba, Baba. Ɗaki a bakin titi, an bar shi wa mai danna maɓalli. Ban ɗauka za ka kira 'yan sanda ba. Na ɗauka sallamarsa kawai za ka yi."

"Kawai," in ji uwargida. "Ka ji shi. Kawai."

Maigida ya tashi ya sauka matakalar har inda maigadi yake.

"Baba, ka yafe ni. A kira su ko kada a kira, kai za ka faɗa."

Maigadi ya dubi Auta. "Na goya shi a wuyan nan," ya ce. "Kada a kira."

"To ya dawo da injin yau. Kuma ba zai kwana a gidan nan ba."

Injiniya ya ce zai kawo sabbin rimot masu lamba a jiki, kyauta. Maigadi ya girgiza kai. Ya hau baranda, ya ɗauki koɗaɗɗiyar fuskar, ya cire mata murfin huɗu ya mayar da nata, ya zura igiyar ya ƙulla da haƙori. Maigida ya jefa na huɗun a aljihu.

*

Inna ta tsaya shan ruwa a bencin maigadi kafin ta koma kasuwa. Yana kwance buhunansa a hankali, yana mayar da kowane abu inda yake: buta, fitila, 'yar rediyo. Maƙwabcin nan mai gajeren wando ya leƙo ya ce shi dama tun farko bai yarda ba.

Can Auta ya fito. Ya ɗaure katifa da akwati biyu a bayan babur, kayan sun yi faɗi, ba maganar ƙaramar ƙofa. Ya turo har gaban get ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da shi wayam. Ya dubi baranda, babu kowa. Ya dubi tagar sama, labule ya ja kansa ya rufe.

Maigadi yana ninke bargo. Ya ninka biyu, ya ninka huɗu, ya shiga da shi ɗaki, ya fito ya ɗauki tabarma. Rana na dukan kan Auta. Inna ta ci gaba da shan ruwanta.

"Baba," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

Dattijon ya karkaɗe tabarmar.

"Baba, don Allah a buɗe min."

Maigadi ya jingine tabarmar a bango, ya kai hannu ƙirji, ya danna. Get ya tafi a hankali har ƙarshe.

"A sauka lafiya," ya ce.

Ya jira sai da tayar baya ta wuce layin ƙarfen, sannan ya rufe.